Tsibirin Sokotra da Itatuwansa Marasa Magada

Duk wanda ya buɗe taswirar duniya ya bi gaɓar Afirka ta gabas da yatsa, har ya kai ƙahon nan na ƙasar Somaliya inda tudu ya ƙare, in ya ƙara zura ido gabas kamar kilomita 240 cikin Tekun Indiya, zai tarar da wani tsibiri da ake kira Sokotra, wanda ko da yake ya fi kusa da Afirka, ƙarƙashin mulkin Yaman yake, alhali tsakaninsa da gaɓarta akwai wajen kilomita 380. Tsawonsa kimanin kilomita 130 ne, mutanensa ba su wuce 60,000 da yawa ba, Musulmi ne, galibinsu makiyaya da masunta da masu noman dabino, kuma suna da harshensu na kansu wanda ya sha bamban da Larabci. Daga watan Yuni zuwa Satumba wata iska mai ƙarfin gaske takan taso ta hana jiragen ruwa kusantarsa, saboda haka kafin a buɗe filin jirgin sama a 1999, sulusin kowace shekara mutanen tsibirin a kulle suke, ba shiga ba fita.

Wannan kaɗaici, wanda ya wahalar da bil'adama, shi ne bisa hikimar Ubangiji ya zama garkuwa ga sauran halittu. Tun zamanin da, fataken Hindu da na Yunan da na Larabawa suna zuwa sayen turare da magani a can, har Yaƙutul Hamawi ya ambaci tsibirin cikin littafinsa Mu'ujamul Buldan, amma ba a fara ƙididdige tsirransa filla-filla ba sai a 1880, sa'ad da wani masanin tsirrai na ƙasar Sikotlan, Isaac Bayley Balfour, ya sauka ya yi 'yan makonni yana tattara ganyaye. A 2008 hukumar UNESCO ta sa Sokotra da ƙananan tsibiran da ke kusa da shi cikin jerin wuraren gadon duniya, bisa hujjar cewa daga cikin nau'in tsirrai 825 da aka ƙirga, kashi 37 cikin 100 ba a samun su ko'ina a bayan ƙasa sai can, haka kuma kashi 90 cikin 100 na masu jan ciki, wato ƙadangaru da tsaka da hawainiya da macizai, da kashi 95 cikin 100 na dodon koɗi na tudu.

Bahaushe in ya je ba zai rasa ganin fuskokin da ya sani ba, sai dai zai same su da wata kama dabam. Karya, wadda muke dasawa a bakin gida don jan furenta, a can takan yi ƙaton ciki har ta fi mutum tsawo da kauri, tana tsaye kan tsandaurin dutse da ruwan da ta adana. Hano yana da 'yan'uwa iri-iri a tsibirin, su ne ke ba da lubban. Akwai rumman na jeji, akwai kuma wata bishiya daga dangin kabewa da kankana, ita kaɗai ce cikin danginta duka ta miƙe ta zama itace maimakon ta yi yaɗo. Game da dabbobi kuwa, abin ta'ajibi shi ne babu kwaɗo ko ɗaya, kuma ban da jemagu, duk wata dabba mai shayarwa da ke yawo a tudun tsibirin mutum ne ya kawo ta. Farar ungulu, wadda ta yi ƙaranci a ƙasashe da yawa, a can tana yawo cikin kasuwar Hadibu, babban garinsu, ba wanda ke jifanta, don sun san ita ke kwashe musu ƙazanta. Mu da muka bar ungulayenmu suka ƙare a rumfunan masu magani, sai mu yi shiru a nan.

To, amma sarkin itatuwan tsibirin shi ne wanda Larabawa ke kiran ƙaronsa damul akhawaini. Gindinsa ɗaya ne santal, sa'an nan a sama rassa su rabu biyu-biyu, su sake rabuwa, har su haɗa wata laima mai kauri wadda ganyenta masu tsini duk suna duban sama. Wannan siffa tana da aiki, domin a kan tuddan Diksam da Firmihin da duwatsun Hajhir, waɗanda ƙololuwarsu ta kai mita 1,500, ruwan sama kaɗan ne, amma gajimare da hazo suna saukowa su lulluɓe ƙasa, sai ganyen ya kama laimarsu ta zama ɗigo, ta gangara ta rassa zuwa saiwa, inuwar kuma ta hana ƙasar da ke gindin bushewa da sauri, har wasu ƙananan tsirrai su sami mafaka. In aka ji wa ɓawonsa rauni sai ya fid da jan ƙaro, wanda mutanen tsibirin ke tsai da jini da shi, su yi maganin miki da na ciki, su rina ulu, su yi wa tukwane zane, Turawa kuma a da sun riƙa sa shi cikin man da suke shafa wa gogensu. Itacen ba ya yin zobba a cikin gindi kamar sauran itatuwa, don haka masana sai su ƙirga rabuwar rassa su kimanta shekarunsa, kuma da yawa daga cikin waɗanda ke tsaye yau sun yi ɗaruruwan shekaru.

A nan ne ya kamata mai karatu ya nutsu, domin baƙon da ya tsaya a dajin Firmihin, inda itatuwan suka fi yawa, zai ga dubban laimomi sun cika ido har iyakar gani, ya yi tasbihi ya koma gida da yaƙinin cewa daji lafiya lau yake, alhali da ya sunkuya ya duba ƙasa da ya ga babu matasa a tsakaninsu. Misalinsa kamar garin da ka shiga ka tarar da dattawa cike da zaure, amma ba ka ji kukan jariri a kowane gida ba. Itacen yana fure, yana 'ya'ya, tsuntsaye suna watsa irin, irin yana tsirowa, sai akuya ta zo ta cinye tsiron tun yana ɗanye, kuma da yake girmansa na hawainiya ne, yakan yi shekaru masu yawa bai fi ƙarfin bakinta ba. Inda kawai ake samun ƙanana da suka tsira su ne gefen duwatsu masu santsi da tsayi, inda ko akuya ba ta iya kafa kofato.

Ana cikin haka sai ƙaddara ta auka wa tsofaffin. A watan Nuwamba na 2015 mahaukatan guguwa biyu na teku, Chapala da Megh, suka bugi tsibirin cikin kwanaki kaɗan a jere, wata kuma mai suna Mekunu ta biyo baya a watan Mayu na 2018, suka tumɓuke itatuwa ba iyaka, musamman na lubban da ke yankin Homhil. Bugu da ƙari masana sun yi kirdadon cewa in fari ya ci gaba da ƙaruwa, hazo yana janyewa sama, itacen jan ƙaro zai rasa kusan kashi 45 cikin 100 na wuraren da yake iya rayuwa nan da 2080.

Ba adalci ba ne a ɗora wa akuya laifin duka, ko a ɗora wa mai ita, domin ita ce nononsa da namansa da dukiyarsa, kuma ƙarnoni da yawa suna tare a tsibirin. Kakannin makiyayan suna da ƙa'idoji masu tsanani waɗanda dattawan kowace ƙabila ke tsarewa: ba a sare ɗanyen itace sai da izini, ana ƙaura da dabbobi daga kwari zuwa tudu bisa lokaci don makiyaya ta huta, mai tsaga ƙaro kuma yana barin itace ya warke kafin ya koma masa. Malaman fiƙihu sun san asalin irin wannan, shi ne hima, wato keɓe wani yanki don maslahar jama'a, kamar yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Ko a zamanin kakannin makiyayan tsiro yana shan wuya, amma da aka shimfiɗa hanyoyin mota, aka riƙa kai ruwa da abincin dabbobi har ruga, garke ya ƙaru ya kuma daina motsawa, maganar dattawa ta rage nauyi, yaƙin Yaman ya zo ya sa iskar gas ta girki ta yi wuya mutane suka koma ga gatari, sai abin ya ta'azzara.

Duk da haka an riga an ga cewa gyara mai yiwuwa ne in an farga da wuri. Wani hankaka na ƙasar Indiya, mai cin ƙwai da 'ya'yan tsuntsaye, ya shigo ta jirgin ruwa a shekarun 1990, aka tsaya kansa, har yara suka riƙa kawo 'ya'yansa daga sheƙa ana ba su lada, aka gama da shi a 2009. Game da itatuwa kuma, wasu iyalai na tsibirin tare da masana daga Jami'ar Mendel ta ƙasar Cek sun kafa wuraren renon tsiro, sun kewaye su da katangar dutse da waya, kuma duk inda aka killace, tsiro yana tashi. Dabarar ke nan, ba ta da wani sirri. Wahalarta ita ce dole katangar ta tsaya shekaru da yawa, kuma ba ta tsayawa sai makiyayin da ke kwana kusa da ita ya yarda da ita. A ganina, duk dukiyar da hukumomi da masu yawon buɗe ido za su kashe da sunan Sokotra, kamata ya yi a fara fid da hakkin wannan makiyayi daga cikinta, a biya shi ladan gadi da diyyar ciyawar da ya haƙura da ita.