Daga Zaren Ulu Zuwa Farantin Ƙarfe

A ƙasashen Turai da Amurka, mutane da yawa sun ɗauki al'adar ƙawata ɗakunansu da hotunan ayyukan hannu na zamanin da, waɗanda aka buga a kan farantin ƙarfe maimakon takarda. Daga cikin ayyukan da ake yawan kwaikwaya akwai wani dogon ƙyalle mai ɗinkin ado da ake kira da sunan garin Bayeux na arewacin Faransa. Tsawonsa ya kusa mita 70, faɗinsa kuwa kimanin rabin mita ne kacal. Yana ba da labarin yadda Wiliyam, shugaban yankin Normandi, ya ƙetare teku ya ci Ingila da yaƙi, aka kashe Sarki Harold a fagen Hastings ranar 14 ga Oktoba, 1066. Galibin masana tarihi suna ganin Bishop Odo, wanda suke uwa ɗaya da Wiliyam, shi ya sa aka yi aikin 'yan shekaru bayan yaƙin, kuma mai yiwuwa a Ingila aka ɗinka shi.

Da allura aka yi shi, kamar yadda ake yi wa babbar riga aiki, da zaren ulu a kan yadin lilin. Launukan duk daga tsirrai aka samo su: saiwar wani tsiro ta ba da ja, wani ya ba da rawaya, ganyen na uku ya ba da shuɗi. Sinadarin da ke cikin wannan ganye shi ne dai wanda ke cikin baba da marina ke turi da shi a Ƙofar Mata ta Kano, ko da yake tsirran biyu ba iri ɗaya ba ne. Idan aka rina zare da shuɗi sannan aka sake tsoma shi cikin rawaya, sai a sami kore.

To, yaya ake ɗora hoton irin wannan aiki a kan ƙarfe? Ɗalibin kimiyya ya san cewa daskararren abu yakan narke tukuna kafin ya zama tururi, kamar yadda ƙanƙara ke zama ruwa. Amma akwai abubuwan da ke tsallake matakin narkewa. Ƙwayar kafur da ake sakawa cikin akwatin tufafi takan yi ta ƙanƙancewa har ta ɓace, ba tare da ta jiƙa ko da kallabi ba. Da wannan ɗabi'a masu bugawa suke aiki. Sukan fara buga hoton a juye, kamar yadda ake ganin abu a madubi, a kan wata takarda ta musamman da tawada mai irin wannan hali. Daga nan sai a kifa takardar a kan farantin alminiyam da aka riga aka shafe da siririn rufi na foliyesta, a matse su cikin na'ura mai zafin kimanin digiri 200 a ma'aunin Salsiyas na 'yan mintuna kaɗan. Zafin yana mayar da rinin tururi, kuma a lokaci guda yana sassauta rufin foliyestan, sai tururin ya kutsa ciki. Da farantin ya huce, rufin ya sake tsukewa, launi ya maƙale a cikinsa. Wato hoton yana cikin rufin ne, shi ya sa ake iya goge ƙura da ɗanyen tsumma ba tare da launi ya zuba ba.

Zaɓen alminiyam ma da dalilinsa. Nauyinsa bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin uku na baƙin ƙarfe mai girmansa ba, kuma da zarar iska ta taɓa shi sai wata siririyar fata ta rufe shi, ta hana lalacewa ci gaba. Saboda haka ba ya tsatsa irin ta kwanon rufi, gara ba ta cinsa, danshin damina ba ya lanƙwasa shi kamar takarda.

Sai dai rana ba ta bar shi ba. A cikin haskenta akwai wani sashe da ido ba ya gani, wanda ke kakkarya ƙwayoyin rini sannu a hankali, ko na tsiro ne ko na masana'anta. Don haka ne gidajen adana kayan tarihi suke nuna tsofaffin yadudduka cikin haske mara ƙarfi. Farantin da aka rataya inda rana ke faɗowa ta taga kullum zai koɗe, komai tsadarsa. Bangon da ke cikin inuwa ya fi dacewa. Haka kuma faranti mai sheƙi bai dace da wannan aiki ba, domin ulu ba ya ƙyalli; mara sheƙi ya fi kusa da kamannin asali. Ko shi ma akwai abin da ba zai iya ba: zare yana da tudu da kwari da ke sauya inuwa idan mai kallo ya gusa, faranti kuwa shafaffe ne.

Akwai kuma batun yanka. Babu ɗakin da zai ɗauki mita 70, don haka yanki ɗaya ake zaɓa, kuma abin da ake zaɓa ɗin labari ne da ɓangaren da ya yi nasara ya tsara. Wurin da ake cewa kibiya ta soki Harold a ido har yau masana suna gardama a kansa, domin an yi wa wajen gyara a ƙarni na 19, kuma na'urar bugawa ba ta bambanta ɗinkin asali da na gyara.

Ga makaranta, yankin da ya fi amfani shi ne inda jama'a ke nuna wani tauraro mai wutsiya cikin firgici. Wannan shi ne tauraron Halley, wanda ke zagayowa kusan duk shekara 76. Ya bayyana a 1066, an gan shi na baya-bayan nan a 1986, kuma ana sa ran dawowarsa a 2061.