Jinin Al'ada da Gasar Kilomita 226: Abin da Ilmin Halitta Ya Gano

Daga cikin wasannin motsa jiki da ake yi a duniya, da wuya a sami wanda ya kai gasar Ironman gwada ƙarfin ɗan Adam. Gasa ce ta wasanni uku a jere ba tare da hutu ba: iyo na kilomita 3.8, tseren keke na kilomita 180, sannan gudun fanfalaki na kilomita 42.2. Jimlarsu kilomita 226 ke nan, kusan nisan Kano zuwa Kaduna. An fara ta a tsibiran Hawai na Amurka a 1978, kuma a shekarar da ta biyo baya Lyn Lemaire ta zama mace ta farko da ta kammala ta. Gwanayen mata kan gama cikin awa takwas zuwa tara, sauran jama'a kuwa bisa al'ada akan ba su har awa 17. Tun da yake ana tsai da ranar gasa watanni kafin ta zo, dole ne wata rana ta yi daidai da kwanakin jinin wasu daga cikin masu shiga. To, me ke faruwa a jikin macen da ta sami kanta a wannan hali?

An daɗe ana rufe wannan zance saboda kunya. A watan Mayun 2023, Baturiyar Ingila Emma Pallant-Browne ta zo ta huɗu a wata gasa ta kilomita 100 a tsibirin Ibiza na ƙasar Sifen. Hoton da aka ɗauka tana gudu ya nuna tabon jini a rigarta. Wasu suka ce da an yanke wurin, ita kuwa ta ƙi, ta bayyana cewa hakan wani ɓangare ne na rayuwar 'yan wasa mata. Kafin ita, Paula Radcliffe ta faɗa cewa tana fama da ciwon mara lokacin da ta kafa tarihin duniya na gudun fanfalaki a Cikago a 2002.

Abin da Ke Gudana a Jiki

Zagayowar al'ada kan ɗauki kwana 21 zuwa 35, kuma sinadarai biyu da ƙwayayen mace ke fitarwa, wato istirojin da furojestaron, su ne ke jan ragamarta. Bayan fitar ƙwai, furojestaron kan ƙaru don shirya bangon mahaifa. Idan ciki bai shiga ba, sai sinadaran biyu su yi ƙasa, bangon ya saɓule ya fita tare da jini.

Wani abin sha'awa shi ne, a makonni biyu na gabanin jini furojestaron kan ɗaga zafin jiki da kimanin digiri 0.3 zuwa 0.5. Da jini ya zo, zafin kan sauka. Saboda haka wadda za ta yi gudu cikin zafin rana irin na garin Kona, inda aka saba yin gasar duniya ta Ironman, tana iya samun ɗan sauƙi ta wannan fuska a kwanakin jininta fiye da makon da ya gabata.

Yawan jinin ma bai kai yadda ake zato ba. Yawanci mililita 30 zuwa 40 ne a duk tsawon kwanakin, wato cikin babban cokali biyu zuwa uku. Gumin da 'yar tsere ke zubarwa cikin awa guda kan kai lita ɗaya. A 2020 Kelly McNulty da abokan aikinta a Ingila suka tattara sakamakon bincike 78, suka gano cewa raguwar ƙwazo a farkon kwanakin jini 'yar kaɗan ce ƙwarai idan aka ɗauki matsakaici. Sai dai sun ja hankali cewa mata sun bambanta, don haka kowace ta lura da nata jikin.

Wahalhalun Ranar Gasa

Wannan bambanci kuwa gaskiya ne. Bangon mahaifa na fitar da sinadarin furostagilandin, wanda ke sa mahaifa ta riƙa matsewa. Shi ne ke kawo ciwon mara, kuma yakan taɓa hanji ya haddasa tashin zuciya da gudawa. A doguwar gasa jiki kan karkatar da jini daga hanji zuwa tsokoki, alhali dole 'yar wasa ta ci ta sha a kan keke don kada ƙarfinta ya ƙare. Idan ciki ya ƙi karɓar abinci, gudun ƙarshe kan zama azaba.

Nan ne wasu ke garzayawa ga magungunan kashe ciwo irin su ibufurofen. Maganin na rage furostagilandin, amma wannan sinadari shi ne kuma ke taimaka wa jini ya isa ƙoda, yana kuma kare bangon ciki. Shan sa yayin da jiki ya bushe da gumi na iya raunata ƙoda ko jawo zubar jini a ciki. Garin neman gira kada a rasa ido. Shi ya sa likitocin wasanni ke gargaɗi game da shan irinsa a lokacin doguwar gasa.

Sai kuma batun kayan tare jini. Audugar mata ta shimfiɗawa ba ta da amfani a ruwa, kuma tana goge fata a kan sirdin keke. Audugar cusawa ta fi dacewa, amma ba a so ta wuce awa takwas a jiki, saboda wata cuta mai haɗari da gubar ƙwayoyin bakteriya ke haddasawa. Wadda za ta shafe awa 14 a hanya dole ta tsara canzawa a rumfunan sauya kaya da ke tsakanin wasa da wasa. Wasu sun fi son ɗan ƙoƙon roba da ke tara jinin, domin ya fi daɗewa. Ko wanne aka zaɓa, a gwada shi tun lokacin atisaye. Haka ma magungunan jinkirta al'ada: sai da shawarar likita, kuma a jarraba su watanni kafin gasa.

Asarar da Ba Ta Fitowa a Hoto

Babbar illar jinin al'ada ga 'yar wasa tana taruwa ne a hankali, wata bayan wata. Kowace mililita ta jini na ɗauke da kimanin rabin miligiram na sinadarin ƙarfe, wanda da shi ake gina himogulobin, mai kai iskar oksijin ga tsokoki. Wadda jininta ya wuce mililita 80 a wata tana iya zubar da fiye da abin da abinci ke mayarwa. Binciken da Georgie Bruinvels ta wallafa a 2016 ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na matan da aka tambaya a gudun fanfalakin Landan na 2015 suna fama da yawan zubar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya na ɗaukar himogulobin da ya gaza giram 12 a kowace desilita a matsayin ƙarancin jini ga macen da ba ta da ciki. Alamominsa su ne kasala, haki da bugun zuciya, waɗanda sau da yawa akan ɗora wa wahalar atisaye. Gwajin jini ne ke rarrabewa, kuma nama, hanta, wake da ganyaye na taimakawa wajen cike giɓin.

Idan Jini Ya Ɗauke

Abin da ya fi damun masana shi ne ɗaukewar jinin baki ɗaya. Idan abincin 'yar wasa bai kai ƙarfin da take ƙonawa ba, ƙwaƙwalwa kan rage umarnin da take aika wa ƙwayayen mace, istirojin ya yi ƙasa, al'ada ta tsaya. Wasu kan ɗauki hakan a matsayin hutu, har ma shaidar ƙwazo. Amma tun 1984 Barbara Drinkwater ta nuna cewa ƙashin bayan 'yan wasan da jininsu ya ɗauke ya fi na takwarorinsu rauni, domin istirojin ne ke kare ƙashi daga zaizayewa. A 2014 Kwamitin Wasannin Olamfik na Duniya ya faɗaɗa bayanin matsalar, ya nuna cewa ƙarancin abinci na taɓa zuciya, garkuwar jiki da ƙashi, har a jikin maza.

Saboda haka zuwan jini a kan kari alama ce ta cewa jiki na samun abin da ya ishe shi. Macen da ranar gasarta ta yi daidai da jininta tana iya shiga, muddin ta san halin jikinta kuma ta yi tanadi. Wadda ke canza auduga kowace awa ɗaya ko biyu, ko wadda ciwo ke kwantarwa, ko wadda jininta ya ɗauke wata uku ba tare da ciki ba, ita ce ya kamata ta ga likita kafin ta sake hawa keke.