Ali da Nino: Mutum-mutumi Biyu Masu Tafiya a Bakin Teku

Mun saba ganin mutum-mutumi a shataletalen garuruwanmu, ko soja riƙe da bindiga, ko manomi da fartanya, a tsaye wuri guda shekara da shekaru. Amma akwai wani irin aikin hannu wanda ba ya tsayawa cik. Iska ko ruwa ko inji ne ke motsa shi, kuma a cikin motsin nan ma'anarsa take. Wani Ba'amurke, Alexander Calder, yana cikin waɗanda suka shahara da irin wannan aiki tun wajen 1930, da faifan ƙarfe marasa nauyi da iska ke juyawa.

Yau za mu kai masu karatu birnin Batumi na ƙasar Jojiya, a bakin Bahar Aswad. A can aka kafa mutum-mutumi biyu na ƙarfe a 2010, namiji da tamace, kowanne tsawonsa ya kai mita 8. Wata 'yar ƙasar, Tamara Kvesitadze, ita ce ta tsara su. Ta fara kiran aikin Namiji da Mace, amma jama'a sun fi saninsa da Ali da Nino.

Ba da dunƙulallen ƙarfe aka yi su ba. Yanka-yankan ƙarfe ne aka jera wani bisa wani, da ɗan fili a tsakani. Inji yana matso da su a hankali har su haɗu. Sai yankan ƙarfen wannan su shiga filin wancan, su zama kamar jiki ɗaya. Ba su daɗewa a haka, sai kowa ya ratsa ɗan'uwansa ya wuce, su ba juna baya. Wajen minti 10 ke nan, sa'an nan su sāke. Da dare akan haska su da fitilu masu launi.

Sunan ya fito daga wani littafin labari da aka buga da Jamusanci a 1937, da sunan marubuci Kurban Said. Ali saurayi ne Musulmi daga Baku ta Azarbaijan, Nino kuwa budurwa ce Kirista 'yar Jojiya. Sun yi aure duk da bambancin addini da al'ada, amma yaƙi ya raba su. Ali ya mutu yana kāre ƙasarsa sa'ad da sojojin Rasha suka shigo a 1920.

Wani zai ce, ashe wannan ba gunki ba ne? A'a. Gunki shi ne abin da ake yi wa sujada. Wannan labari ne aka faɗa da ƙarfe, a fili inda mai kuɗi da talaka za su gani kyauta.

Wurin ma ya dace. Batumi ce hedkwatar yankin Ajara, wanda ya yi zamani a hannun Turkawa har 1878. Har yau Kirista da Musulmi suna zaune tare a can, ga majami'u, ga masallaci.

'Yan'uwa, mu ma mun san wannan zama. Kasuwarmu ɗaya, rijiyarmu ɗaya, mun kuma san yadda rikicin kwana guda yakan raba maƙwabtan shekara talatin. Da an bar Ali da Nino a rungume har abada, da mun ce an gama. Motsin ne ke tuna mana cewa haɗuwa ba ta tsayawa da kanta, sai an riƙe ta. Ƙarfe ba shi da zaɓi, inji ne ke tura shi. Mu kuwa muna da shi. Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, amin.