Shingen Tsakiyar Titi: Kankare Ko Ƙarfe?

Duk mai bin titin Tansoba ta gefen Dassasgho, a gabashin Wagadugu, ya san yadda babura ke cika hanya maƙil, ga tireloli masu nufar Fada N'Gourma da iyakar Nijar. A irin wannan hanya, haɗarin da ya fi muni shi ne taho-mu-gama, kuma shingen tsakiya ne maganinsa.

Shingen kankare da ya fi yaɗuwa an tsara shi ne a jihar New Jersey ta Amurka, a shekarun 1950. Tsayinsa santimita 81, gindinsa na da faɗi da gangara. Idan mota ta kauce, tayarta kan ɗan hau gangaren, sai shingen ya karkato ta zuwa hannunta. Da wuya ya buƙaci gyara, shi ya sa a 2005 Ingila ta zaɓi wani nau'in shingen kankare ga manyan hanyoyinta masu cunkoso.

Na ƙarfe kuwa lanƙwashewa yake yi ya shanye ƙarfin karo, amma duk bugu mai ƙarfi sai an sauya sashen da ya lalace. Turakunsa kuma na iya karya mai babur da ya zame, sai dai in an rufe su da falle na biyu daga ƙasa.

Kankaren ma yana da nasa sharaɗi. Ana barin kafofi a gindinsa don ruwan damina ya wuce. Idan yashi da leda suka toshe su, titi ya zama tafki. Masu ƙafa kuma suna buƙatar mashiga kusa da kasuwa da masallaci, in ba haka ba haurawa za su yi.