Waƙarka ta zaga Adar, kai me ka samu?

A shekarar 2008 wani matashi ɗan yankin Abalak, Mdou Moctar, ya tafi Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa a sutudiyo. Faifan, mai suna Anar, bai shiga kanti ba. Daga waya zuwa waya ya riƙa yawo, ta bulutut da katin memori, har ya kai arewacin Mali. Jama'a na ta saurare, amma wannan yawon bai sa wa mai waƙar ko dala a aljihu ba.

Can a Mali wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci ɗaya daga cikin waƙoƙin, Tahoultine. Yana son ya saka ta a faifan da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011, na waƙoƙin da aka tattaro daga wayoyin mutanen Sahara, yana kuma son ya biya mai ita. Sai da ya sha nema kafin ya gano shi. A 2021 kamfanin Matador na Amurka ne ya fitar da faifan Mdou Moctar mai suna Afrique Victime, yau kuma yaron da ya haɗa gitarsa ta farko da wayar birkin keke yana wasa a Turai da Amurka.

Ba kowa ne zai zama Mdou Moctar ba, amma kowa na iya kauce wa abin da ya kusa sa shi asara. Kafin waƙa ta bar hannunka, faɗi sunanka a cikinta, ka rubuta shi tare da lambar wayarka a sunan fayil ɗin. Masu tura waƙa a kasuwar Tawa da masu yaɗa ta a WhatsApp ba za su daina ba, kuma a ganina faɗa da su ɓata lokaci ne. Talla suke yi maka kyauta, muddin wanda ya ji zai san inda zai same ka.

Kuɗin da ya fi tabbata har yanzu yana nan gida: bikin aure, suna, wasan sallah, filin kokowa. Sai dai mawaƙa da yawa suna dogara ga liƙi kaɗai, liƙi kuwa yau da shi, gobe babu. A yi ciniki tun kafin ranar, a karɓi kafin alƙalami, a san wanda zai biya mota da janareto da lasifika, a kuma yanke rabon makaɗa da ƴan amshi tun ba a hau fage ba. Yawancin rabuwar ƙungiyoyi daga wurin rabon kuɗi take farawa. Akwai kuma waƙar da ake sa ka yi: ta amarya, ta ɗan kasuwa, ta faɗakarwa kan rigakafi ko karatun ƴaƴa mata. A nan kar a manta da ƴan Adar da ke cin rani a Abijan da Libiya. Mai kewar gida yakan biya don a ambaci sunansa da garinsu, kuma aiko da kuɗi ya yi sauƙi yanzu.

Intanet fa? Spotify ba ya karɓar waƙa kai tsaye daga mawaƙi, sai ta hannun dillalai irin su DistroKid ko TuneCore, waɗanda ake biya. Tun 2024 waƙar da ba a saurara sau 1,000 cikin wata 12 ba, ba ta samun komai a can, kuma abin da sauraro ɗaya ke kawowa ɗan mitsitsi ne. Bandcamp ya fi dacewa da ƙaramin mawaƙi, don a can sayen waƙar ake yi, shafin ya cire kashi 15 cikin 100. Ta nan aka sayar da waƙoƙin da mawaƙan Sahel suka ɗauka da waya suka aika wa Sahel Sounds ta WhatsApp a 2020. Ƴan matan Illighadad, wani ƙauye kusa da Abalak, su ma a filin Allah aka ɗauki faifansu na farko na 2016, ba a sutudiyo ba, kuma daga shi Fatou Seidi Ghali da abokan kiɗanta suka kai Turai.

Abin da ya fi damuna shi ne takarda. Mawaƙi ya je sutudiyo, mai sutudiyo ya haɗa masa kiɗa, a rabu da "Allah ya sa albarka". Ranar da waƙar ta yi kasuwa sai rigima ta tashi: ta wa ce? Rubuta wanda ya tsara baiti, wanda ya yi kiɗa, da kason kowa, ku sa hannu gaban shaidu. Karɓi kwafin asali ka adana. In wani kamfani ya zo, na gida ko na waje, tambaye shi shekara nawa zai riƙe waƙar, kashi nawa ne naka, yaushe za ta dawo hannunka. Takardar Faransanci ko Turancin da ba ka fahimta ba, kar ka sa mata hannu sai amintacce ya karanta maka ita da Hausa ko Buzanci.

A Nijar akwai hukumar kare haƙƙin masu fasaha, BNDA, mai hedikwata a Yamai. Aikinta ta karɓi kuɗi daga masu amfani da waƙa, kamar gidajen rediyo da wuraren shagali, ta raba wa waɗanda suka yi rajista. Wanda bai kai waƙarsa ba, ba ya cikin rabo, ko da shi ya lashe gasar waƙa ta Ɗan Gurmu a nan Tawa.

Kai mawaƙi, waƙar da kake shirin saki a wannan makon, dakata tukuna. Sa mata sunanka da lambarka, ku rubuta rabo da mai kiɗa, sannan ka tura ta.