GARKUWAR DA ƊAN TSAKO KE GADA BA TA DAƊEWA

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin 'yan uwana manoma da masu sayen kaji na Gusau da Tsafe da Bunguɗu game da ciwon fakat, wanda ke share mana akurki duk lokacin hunturu.

Bara na sayo wani zakara a kasuwa na sake shi cikin kajin gida. Ba a yi kwana 7 ba sai kaji suka fara haki, suna zawo kore, wasu wuya ya murɗe. Matasan kaji 'yan wata biyu duk suka mutu. Amma kazar maiɗakina, wadda aka taɓa ɗiga wa maganin rigakafi, ta tsira, ita da 'yan tsakinta 9 da ba su fi kwana 5 da ƙyanƙyasa ba. Sai muka ce ai waɗannan jininsu mai ƙarfi ne, ba su bukatar komai. To, bayan wata guda ciwon ya sake zagayowa unguwarmu, wallahi guda 2 kaɗai suka rage. Da ma su ne maiɗakin tawa ta sa wa rai don hidimar yara.

Da na je asibitin dabbobi, wani malami ya warware mini abin. Ya ce kazar da aka yi wa rigakafi, ko wadda ta yi ciwon ta warke, jininta yakan yi garkuwa, kuma takan zuba wani kaso cikin gwaiduwar ƙwai. Ɗan tsako yana shan wannan gwaiduwa a kwana 21 na kwanci da kwanakin farko bayan ya fito. Sai dai garkuwar tamkar guzuri ce, ba jikinsa ke yin ta ba. Kusan duk kwana 5 rabinta ke tafiya, kafin mako 3 zuwa 4 ta ƙare. Daga nan ɗan tsako ba shi da mai tsare shi sai an yi masa nasa rigakafin.

Ya ƙara da cewa idan aka ɗiga maganin tun garkuwar uwa na da ƙarfi, tana iya danne shi bai kama sosai ba. Shi ya sa ɗigo ɗaya a ranar farko ba ya wadatarwa, dole a maimaita wajen mako na uku.

Jama'a, wannan ciwo ba sabo ba ne. Turawa na kiran sa Newcastle, da sunan garin Ingila da ya ɓulla a 1926, kuma an fara tabbatar da shi a Nijeriya a 1952 wajen Ibadan. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana yin maganin rigakafinsa, akwai Lasota, akwai kuma I-2 wanda ya fi jure zafi, ya dace da ƙauyukanmu da ba wutar lantarki. Ɗigo ɗaya ne a ido, a sake bayan kowane wata 4. Shi ma kada a bar shi a rana, kuma in an haɗa shi da ruwa a gama da shi nan take.

Kafson nan ja da rawaya da muke zubawa a ruwa, da barkono da toka, ba su kashe ƙwayar fakat. Asarar kuɗi ce kawai.

Shawarata ita ce: mu ɗiga wa iyaye magani kafin iskar hunturu ta kaɗa, domin garkuwa takan ɗauki mako 1 zuwa 2 kafin ta tsaya. Kada a jira sai kaza ta kamu. Sabuwar kaza a ware ta mako 2 kafin a haɗa. Wadda ta mutu a binne ta. Mu kuma 'yan kasuwa mu ji tsoron Allah, mu daina kwasar kaji masu ciwo da araha daga wannan kasuwa muna kai su wata. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin gida ɗaya, don haka unguwa ta haɗa kuɗi a yi wa kowa rana ɗaya.

Daga ƙarshe ina kira ga gwamnatin Jihar Zamfara da ƙananan hukumomi da su taimaka da malaman dabbobi a ranakun kasuwa. Da yawa daga cikinmu ɓarayin daji sun raba mu da shanu, kaza ce ta zame mana asusu. Allah Ya ba mu zaman lafiya, amin.

Naku,
Wani manomi daga Tsafe, Jihar Zamfara.