BABI NA UKU: SAHIHANCIN LOKACIN HUTU DA NA'URAR KEKE KE BAYARWA BAYAN ATISAYE A YANAYIN BIRNIN KUDU DA GWARAM

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi bayani ne a kan ƙaramar kwamfutar nan da masu tseren keke ke ɗaurawa a kan kekunansu, musamman shawarar da take bayarwa game da yawan awannin da ya kamata mahayi ya huta kafin ya sake yin atisaye mai tsanani. Za a duba yadda na'urar ke yin lissafinta, sannan a auna lissafin da yanayin ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram da ke kudancin Jihar Jigawa. A wannan yanki keke abin hawa ne na zuwa gona da kasuwa da makaranta tun kafin a ƙirƙiro jihar a shekarar 1991, kuma kuɗin irin wannan na'ura ya kan zarce kuɗin keken da manomi ke hawa. Saboda haka ya zama wajibi a san iyakar amfaninta kafin matashi ya zuba dukiyarsa, ya kuma danƙa mata amanar lafiyarsa.

3.1 Yadda Na'urar ke Yin Lissafi

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne, na'urar ba ta auna gajiya kai tsaye. Abin da take aunawa shi ne bugun zuciya, ta hanyar wani ɗamara da ake ɗaurawa a ƙirji, da tsawon lokacin da aka ɗauka ana tuƙi, da kuma ƙarfin taka feda idan keken yana da ma'aunin hakan. Kamfanin Polar na ƙasar Finland ne ya fito da ma'aunin bugun zuciya marar waya a shekarar 1982. Lissafin lokacin hutu da ke cikin na'urorin Garmin kuwa, na kamfanin Firstbeat ne da ke garin Jyväskylä a Finland, wanda Garmin ya sayi sashensa na nazari a shekarar 2020.

Tushen lissafin tsohon ilimi ne. Hill da Lupton (1923) sun nuna cewa bayan mutum ya gama aiki mai wuya, jikinsa ya kan ci gaba da shaƙar iskar oksijin fiye da yadda ya saba, suka kira wannan abu bashin iska. Na'urar tana kintatar girman wannan bashi ne daga bugun zuciya, ta gwada shi da ƙarfin jikin mahayin kamar yadda ta kintata, sannan ta fitar da adadin awanni, waɗanda ba su wuce 96, watau kwana huɗu. Ke nan adadin da ke fitowa a fuskar na'urar kintace ne da aka ɗora a kan wani kintacen. Haka kuma ma'anarsa ita ce lokacin da jiki zai shirya wa wani atisaye mai tsanani. Bai hana mahayi yin tuƙi mai sauƙi a cikin waɗannan awanni ba.

3.2 Matsalar Ƙololuwar Bugun Zuciya

Idan mahayi bai shigar da ainihin ƙololuwar bugun zuciyarsa ba, na'urar ta kan yi amfani da sanannen lissafin nan na cire shekarun mutum daga 220. Masana sun tabbatar cewa wannan lissafi ya kan kauce wa gaskiya da bugu 10 zuwa 12 a minti, sama ko ƙasa, a wajen mutane da yawa. Tanaka da abokan aikinsa (2001) sun kawo wani lissafin daban, amma shi ma matsakaici ne na jama'a.

Alal misali, matashi mai shekara 25 na'urar za ta ba shi 195. Idan ya yi tuƙi zuciyarsa na buga 165 a minti, za ta ɗauka yana aiki da kashi 85 cikin ɗari na ƙarfinsa. To amma idan ainihin ƙololuwarsa 205 ce, kashi 80 kawai yake amfani da shi, sai na'urar ta ba shi hutun da ya wuce bukatarsa. Idan kuwa 185 ce, ya kai kashi 89, sai ta ba shi hutun da bai ishe shi ba. Wannan na biyu shi ne mafi haɗari, domin zai koma atisaye jikinsa bai warware ba.

3.3 Zafin Bazara da Ƙishirwa

Daga watan Maris zuwa Mayu zafin rana a kudancin Jigawa ya kan kai digiri 40 ko fiye. A irin wannan yanayi jiki ya kan tura jini mai yawa zuwa fata domin ya huce, gumi kuma ya rage ruwan da ke cikin jini, sai zuciya ta ƙara sauri don ta cike giɓin. Montain da Coyle (1992) sun gwada masu tuƙa keke na awa biyu a cikin zafi, suka gano cewa bugun zuciya da zafin jiki suna hauhawa daidai gwargwadon ruwan da mutum ya rasa.

Bisa ga haka, mahayin da ya tashi daga Birnin Kudu zuwa Gwaram da sanyin asuba a watan Disamba, da kuma shi wannan mahayin idan ya bi hanyar da hantsi a watan Afrilu, da gudu iri ɗaya, na'urar za ta ba shi awannin hutu mabambanta ƙwarai. Ƙarin da ta yi a bazara yana da ƙamshin gaskiya, tun da zafi wahala ce ta haƙiƙa. Sai dai na'urar ba ta san ko mahayin ya sha ruwa bayan ya sauka ba, alhali wannan shi ne ke yanke saurin warwarewarsa. Daɗin daɗawa, za ta iya fassara saurin zuciyar da cewa ƙarfin mahayin ne ya ragu.

Tun daga shekarar 2019 wasu na'urorin Garmin suna gyara lissafinsu idan zafi ya wuce digiri 22. Amma wannan gyara ya dogara ne ga bayanin yanayi da ke zuwa daga wayar hannu ta intanet. Har ila yau digiri 22 ma'auni ne na ƙasashen sanyi, domin a wannan yanki rana ta kan wuce hakan a kusan kowane wata, kuma mazauna wurin jikinsu ya riga ya saba.

3.4 Abubuwan da Na'urar ba ta Gani

Na'urar keke tana aiki ne kawai yayin da ake kan keke. Matashin da ya gama atisaye da safe, sannan ya wuni yana huɗa ko noman fari a damina, ko yana ɗaukar buhunan hatsi a kasuwar Sara da kaka, na'urar tana ci gaba da rage masa awanni kamar yana kwance a ɗaki. Wasu agogunan hannu na zamani suna sa barci da gajiyar yini a lissafi, amma sai an kwana an tashi da su a hannu.

Abu na biyu shi ne abinci. Bergström da Hultman (1966) sun nuna cewa tsoka tana mayar da sukarin ajiyarta ne bisa ga abincin da aka ci bayan aiki, kuma wannan ya kan ɗauki kimanin awa 24 idan an ci isasshen abinci mai sitaci, irin su tuwo da fura da shinkafa. Daga shekarar 2021 zuwa 2024 azumin watan Ramadan ya faɗo a tsakanin Maris da Mayu, watau tsakiyar bazara. Mai azumin da ya yi atisaye da safe ba zai sha ruwa ba sai faɗuwar rana, barcinsa kuma ya ragu saboda asham da sahur. Na'urar ba ta da labarin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Na uku, ciwon tsoka da ke biyo bayan aikin da ba a saba ba ya kan tsananta ne bayan awa 24 zuwa 72, kuma bugun zuciya ba ya nuna shi sosai. Na huɗu kuma mafi muhimmanci shi ne rashin lafiya. Zazzaɓin cizon sauro ya kan yawaita a ƙarshen damina, kuma zazzaɓi da ƙarancin jini duk suna ƙara saurin zuciya. Na'urar za ta iya nuna cewa lokacin hutu ya cika alhali mutum yana ɗauke da zazzaɓi. Yin atisaye mai tsanani a wannan hali haɗari ne ga zuciya, kuma wurin da ya dace da mai irin wannan alama shi ne asibiti, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu.

3.5 Hanyoyin Tantance Shawarar Na'urar

Akwai hanyoyi marasa tsada da mahayi zai bi ya gwada gaskiyar na'urar. Na farko, ya riƙa ƙirga bugun zuciyarsa na minti ɗaya kowace safiya kafin ya tashi daga shimfiɗa, ya rubuta. Idan ya ga adadin ya haura abin da ya saba har kwana biyu ko uku a jere, jikinsa bai warware ba ko da na'urar ta ce ya warware. Na biyu, akwai hanyar Foster da abokan aikinsa (2001), inda mahayi zai ba atisayensa maki daga 0 zuwa 10 bisa ga wuyar da ya sha, ya ninka da yawan mintocin da ya yi. Tuƙin minti 60 mai maki 7 zai ba da 420. Wannan hanya biro da takarda kawai take bukata, kuma za a iya sa aikin gona a cikinta. Na uku, ya hau sikeli kafin atisaye da bayansa, domin kowane kilo ɗaya da ya ragu yana nufin kimanin lita ɗaya ta ruwa da ya kamata a mayar.

3.6 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa lokacin hutun da na'urar keke ke bayarwa yana da amfani wajen kwatanta nauyin atisayen yau da na jiya, musamman idan an shigar mata da ainihin ƙololuwar bugun zuciya, aka kuma yi makonni ana amfani da ita. Amma a yanayin Birnin Kudu da Gwaram, inda zafi da aikin ƙarfi da azumi da zazzaɓi ke da babban tasiri, adadin awannin da take nunawa bai isa a dogara da shi shi kaɗai ba. Idan na'urar ta ce a huta, babu asara mai yawa a bin shawararta. Idan kuwa ta ce an warware alhali jiki na nuna akasin haka, jiki za a bi. Babi na gaba zai duba tsarin atisaye na mako-mako da ya dace da lokutan shekara a wannan yanki.